Wayar Tefzel a jirgin haɗin gida: ta ci kuɗinta, amma kada ka sayo ta ita kaɗai

Wanda ya kai ga haɗa gangar jikin ƙaramin jirgin sama a rumfarsa, ko a Kazaure yake ko a wani ƙauye bayan Ringim, ranar da zai fara jan waya daga allon gaban matuƙi zuwa wutsiya sai ya zauna ya yi shawara da aljihunsa. Ya shiga Kano ya auno wayar mota ya dawo kafin la'asar, ko ya tura dala ya zauna jiran wadda ake kira Tefzel? Ya jira. Wayar ta cancanci jiran. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba kuɗin duka a kanta, a manta da ƙananan kayan da ke riƙe ta a hanya, alhali wayar jirgi a bakin rami take mutuwa, inda ta ratsa ƙarfe.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. Air Beetle da sojojin sama suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft, jirgin da mutane ke haɗawa a garejin gidansu a Amurka, kuma a Kaduna aka harhaɗa shi. A 2007 ma wani ɗalibi a Kano ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic har duniya ta ji labari. Masu hannu muna da su. Abin da ke ba mu wahala kayan aiki ne na gaskiya.

Cikakken sunan wayar M22759/16. A da ma'aunin sojan Amurka ne, yanzu ƙungiyar SAE ke kula da shi. Tefzel sunan kasuwa ne na robar da aka yi mata riga da ita, wadda kamfanin DuPont ya fito da ita. Cikinta jan ƙarfe ne sili-sili, kowane sili an shafe shi da kuza don kada ya yi tsatsa, kuma a lambobin kauri da aka fi aiki da su, 22 da 20 da 18 (lamba na ƙaruwa, waya na sirancewa), sili 19 ne. An yi ta ta jure zafin digiri 150 da ƙarfin wuta har bolt 600. Wayar wayarin gida mai rigar PVC iyakarta digiri 70, wayar mota ta gama-gari kuwa ba ta wuce wajen 80. A takarda sai ka ce ai 80 ta isa. To, a watan Afrilu a Jigawa inuwa ma takan wuce digiri 40, jikin alminiyam da ya wuni a rana ba ya taɓuwa da hannu, sannan waya ashirin da ke ɗaure wuri guda kowace tana ƙara nata zafin. A nan PVC ke yin laushi, maɗauri ya nutse a cikinta, ƙarfe ya matso kusa da jan ƙarfe.

Babban dalilin ƙin PVC ma hayaƙinta ne. Idan ta kama, baƙin hayaƙi take yi mai ɗauke da iskar da ke komawa asid da zarar ta taɓa danshin ido da maƙogwaro. Mai mota ya ga hayaƙi sai ya gangara gefen titi ya fice. Matuƙi ina zai gangara? Jirgin Swissair mai lamba 111 da ya faɗi a tekun gabar Kanada ranar 2 ga Satumba 1998, mutum 229 a ciki, daga tartsatsin waya a saman ɗakin matuƙa wutar ta tashi. Tefzel ba ta kama wuta da sauƙi, hayaƙinta kuma bai kai na PVC yawa ba, ko da yake shi ma ba abin shaƙa ba ne.

Ga rashin nauyi da rashin cin wuri. Lamba 22 kaurinta duka da riga wajen milimita 1.3 ne, nauyin mita guda wajen giram 5 da rabi. Lamba 20 milimita 1.5 ce. Ramin da zai ɗauki wayar mota biyar zai ɗauki nata fiye da haka sosai, wato ramukan da za ka huda a haƙarƙarin jirgi sun ragu kenan.

Yanzu aibinta, don tana da shi. Feɗe ta wahala ne. Rigar siririya ce mai tauri, tana manne da silin, kuma hanyar da masu wayarin mota suka saba, a zagaya da reza a ja da haƙori ko filaya, tana datse sili biyu ko uku ba ka sani ba. Sili 19 ne. Ka rasa uku, ka raunana sauran da tsaga, jijjigar inji za ta ƙarasa su cikin watanni. Dole ka haɗa odarka da abin feɗe waya mai ramuka daidai lamba, irin Stripmaster na kamfanin Ideal, ka kuma duba kowane baki da ka feɗe a haske. Na biyu, santsi gare ta, ɗaurin da bai kama ba sai ta zame. Na uku, mafi yawan wadda ake samu fara ce fat. Waya talatin farare a cikin wutsiya, ba alama, ko wanda ya ja su ba zai gane su ba bayan mako biyu. A sa wa kowace suna a bakinta biyu, a ƙarƙashin bututun roba garai-garai mai tsukewa da zafi. Salatif na takarda ba ya kai damina.

Sai jabu. A kasuwa akwai waya mai yawa wadda alminiyam ce aka yi mata wankan jan ƙarfe, tana tauye wucewar wuta fiye da ta gaskiya, tana kuma karyewa da wuri. Gane su ba wuya idan ka kankare sili guda da wuƙa: Tefzel ta gaskiya fara ce a waje saboda kuza, ja a ciki; jabun ja ce a waje, fara a ciki. Sannan ta gaskiya akwai rubutu siriri a jikinta, misali M22759/16-20-9. Lamba 20 kaurinta ne, 9 kuma launi, wato fari. 0 baƙi, 2 ja. Wadda ba rubutu, komai daɗin bakin mai ita, bar masa. Araha ba ta ado.

Zaɓen kauri kuwa lissafi ne, ba ido ba. Littafin da masu wannan aiki ke bi, AC 43.13-1B na FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, babi na 11, ya ba kowace lamba iyakar birekarta: 22 amfiya 5, 20 amfiya 7.5, 18 amfiya 10, 16 amfiya 15, 14 amfiya 20. Bireka ko fiyus wayar yake karewa, ba na'urar da ke bakinta ba, don haka kada ka sa na amfiya 15 a kan lamba 20 don wai fitilarka na yawan ƙona fiyus. A gangar jiki dai abin da ya fi kama mutane raguwar wuta ne saboda nisa. A jirgi mai bolt 14, littafin ya yarda da raguwar rabin bolt kacal ga abin da ke kunne kullum, bolt 1 ga abin da ake kunnawa jifa-jifa. Ɗauki fitilar wutsiya mai cin amfiya 2, tafiyar wayar mita 6 idan an lissafa kwane-kwane. Lamba 22 tana da turjiyar wajen om 0.053 a kowace mita, sau 6 sau 2 ya ba ka bolt 0.64: ta faɗi, duk da cewa amfiya 2 ba za ta ɗumama ta ba. Lamba 20 za ta ba ka wajen 0.39, ta wuce. Wannan fa idan jikin jirgin alminiyam ne kuma shi ne ke maido da negetif. Idan na katako ne ko na zaren gilashi, sai ka ja wayar dawowa, tafiya ta zama mita 12, lamba 20 ma ta faɗi, lamba 18 ta tsaya a bakin iyaka, 16 ce za ta ba ka kwanciyar hankali.

Kafin ka huda ko rami ɗaya, ka ɗauki igiyar ɗinkin buhu ka bi hanyar da ita daga allo har wutsiya, ka maƙala ta da salatif, sannan wani ya zauna a kujera ya juya sandar tuƙi ko'ina, ya taka fedojin wutsiya har ƙarshe, kai kana leƙe. Abin da ya yi nisa da igiya sanda tana tsakiya, zai iya gugarta sanda tana ƙarshe. Ƙa'ida ita ce ko ka tura damin waya da ɗan yatsa wajen igiyar sarrafa wutsiya ko sandar da ke tura fiffikenta, a sami ratar aƙalla rabin inci, kuma maɗaurai su yi kusa da juna yadda ko ɗaya ya kwance damin ba zai faɗa kan abin tuƙi ba. Da bututun mai kuwa, inci 6 idan wuri ya ba da dama, in ya matse inci 2. Ƙasa da haka sai an ɗaure duka biyun ram yadda rabin inci ba zai taɓa rufewa ba. Waya a sama, mai a ƙasa, don in ya ɗiga kada ya ɗiga a kanta. Kuma ba a rataye waya a jikin bututun mai ko na birki, ko da igiyar roba ɗaya ce.

Ramin kansa. Ba ko'ina ake hudawa ba. Babban ƙarfen da ke ɗauke da fukafukai inda ya ratsa ƙarƙashin kujera, da dogayen ƙarafan kusurwa da suka bi tsawon jirgi, ba a taɓa su sai inda mai zanen jirgin ya nuna. Kamfanoni irin Van's da Zenith suna amsa tambaya a kan wannan, a aika musu hoto a tambaya. A haƙarƙarin da aka yarda, rami ya zauna a fili, nesa da lanƙwasar baki da layin ƙusoshi, kuma ramuka biyu matsakaita masu tazara sun fi ƙato ɗaya. A huda da bakin huji mai hawa-hawa, don bakin huji na gama-gari yana yaga siririn alminiyam ya bar rami mai kusurwa uku. A goge bakin gaba da baya har yatsa ya zagaya bai ji kaifi ba; tsaga daga wannan kaifin take farawa. Sannan a zuƙe ɓurɓushin ƙarfen tas kafin waya ta shigo, don ɗan ɓurɓushi guda da ya maƙale a cikin dami ya ishi a yi kuka.

Nan ne kayan da ake mantawa suke shigowa, kuma kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na wayar. Bushin nailan mai shiga ya ce ƙas, irin na kamfanin Heyco: SB375-4 yana son rami 3/8 na inci ya bar hanya 1/4, SB500-6 rami rabin inci hanya 3/8, SB750-10 rami 3/4 hanya 5/8. A alminiyam siriri suna zama daram, ba sa kuma bushewa su tsattsage kamar zoben robar mota, wanda zafinmu ke mayar da shi ƙanzo. Abin da ba sa yi shi ne ɗaukar nauyi. Bushi kariya ce, ba maɗauri ba. Damin ya ratsa tsakiyar rami a rataye, abin da ke riƙe shi kuwa maɗaurin ƙarfe mai matashin roba ne, MS21919, wanda aka fi sani da Adel, ɗaure da noti a jikin haƙarƙari. Tsakanin maɗauri da maɗauri kada ya wuce inci 24, wajen santimita 60, kusa da inji ma a rage. Girmansa ya kama damin yadda ba zai zame ba idan ka ja shi a hankali, ba kuma ya matse har ya bar sawu ba. Ka duba bakin maɗaurin inda ya haɗe, nan waya guda kan kuɓuce ta shiga tsakanin ƙarfe biyu a datse ta da noti.

Adel akwai ban haushi wajen ɗaurawa, musamman a cikin wutsiya inda hannu ɗaya ne ke shiga. Dabarar ita ce a matse kunnuwansa biyu da siririyar waya, a zura kusa, a kama noti, sannan a yanke wayar a zare.

Kada a ja dami ya miƙe kamar tsirkiyar baka. Jikin jirgi yana motsi, alminiyam yana miƙewa da zafi. A bar sassauci yadda matsin hannu zai karkatar da shi kamar rabin inci tsakanin maɗaurai biyu, ba fiye ba. Kwana kuma ta zama mai faɗi, ninki 10 na kaurin waya mafi kauri a damin. A kowane baki a bar rarar da za ta isa a sake yanke kai sau biyu ko uku, a kuma sa wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau cikin soket, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗige a gindin lanƙwasar. Tsakanin maɗaurai a ɗaure damin da zaren ɗauri mai kakin zuma, shi ya fi. Igiyar roba mai haƙora tana yi, in baƙa ce kuma an yanke wutsiyarta daidai wuya. Farar tana ƙonewa a rana ta karye kamar taliya.

Ƙarƙashin daɓen da za a rufe da ƙusa har abada, bututu ya fi bushi. Akwai baƙin bututun nailan mai gaɓa-gaɓa mara nauyi da masu haɗa RV ke amfani da shi. Cikinsa ya fi damin faɗi da kamar kashi 25 cikin 100, a huda masa ramin 1/8 na inci a inda ya fi gangarowa don ruwa ya fita, a kuma bar igiya guda a ciki, ɗaure a baki biyu, saboda ranar da za a ƙara na'ura. Inda ya ratsa haƙarƙari a ɗiga masa abin liƙi don kada ya riƙa zarta. Sai a kula: silikon ɗin masu tagar alminiyam, mai warin tsami ɗin nan, asid yake fitarwa yana bushewa, yana cin jan ƙarfe da alminiyam. A nemi mara wari.

Ba duka wayoyi ke shiri a dami ɗaya ba. Wayar fitilar walƙiya da ta caji suna da hayaniya, wayar lasifikar kunne da makirfo kuma komai suka ji sai sun kai kunnen matuƙi. A raba musu hanya, ɗaya dama ɗaya hagu, in dole su gamu su gitta juna su wuce. Na sauti a yi su da 'yar'uwar Tefzel mai sulke, M27500, a haɗa sulken da negetif a baki ɗaya, wajen na'urar. Kebul ɗin eriya a sayi RG-400 a bar RG-58: na farkon sulkensa biyu ne kuma ba PVC a jikinsa. Kwanarsa kada ta gaza ninki 6 na kaurinsa, kuma kada a matse shi da igiyar roba har ya shafe, rediyo zai rage nisa ka rasa dalili. In akwai na'urar kamfas a wutsiya, duk wayar da ke ɗauke da wuta ta yi nesa da ita, ko a murɗa fozitif da negetif tare kamar tufkar igiya.

Kan waya matsewa ake yi, ba murɗawa a naɗe da baƙin salatif ba. Kawunan waya samfurin PIDG na kamfanin AMP suna da hannun ƙarfe na biyu da ke kama rigar wayar, ja na 22 zuwa 18, shuɗi na 16 da 14, rawaya na 12 da 10, kuma suna son filayar matsi mai ƙaidi wadda ba ta buɗewa sai ta kai ƙarshe. Dalma tana bin sili ta hau ciki ta sandarar da waya, a daidai inda ta tsaya nan take karyewa. In an yi liƙi da ita, a tallafe wurin. A cikin gangar jiki gara waya ta tafi ɗungurungum ba gami. In ya zama dole, gami ɗaya a waya ɗaya, kuma kada gamin wayoyi da yawa ya taru wuri guda ya yi ƙululu.

Wuri ɗaya da Tefzel ba ta burge ni ba shi ne ƙatuwar wayar batir. Lamba 4 da 2 nata masu taurin kai ne, suna jan kan batir da ƙarfi har su sassauta shi. Da yawa daga masu haɗa jirgi suna sa guntun kebul ɗin walda mai laushi daga batir zuwa babban makunni, kuma hakan ya fi. In an kai batir baya don daidaita nauyi, babban makunnin ya zauna dab da shi, don wannan ƙatuwar waya ba ta da fiyus, idan ta gogi ƙarfe walda za ta yi. Inda wayoyi suka ratsa bangon da ya raba inji da mazauni kuwa bushin nailan ba shi da aiki, narkewa zai yi. Wurin na maƙalar bakin ƙarfe ne da rigar wuta da abin toshi mai jure wuta.

Ga mai ƙaramin jirgi mai kujera biyu da inji irin Rotax 912, shawarata a fara da ƙafa 300 na lamba 22, ƙafa 200 na 20, ƙafa 100 na 18, ɗan abin da ya samu na 16 da 14, da ƙafa 50 na mai sulke. Dillalai irin Aircraft Spruce da ƙafa suke sayarwa. A ƙara kwata a kan abin da aka auna, don ƙarancin ƙafa goma zai sa ka sake biyan kuɗin jigila, ko ya kai ka ga cike gurbin da wayar mota, wanda ya fi muni. Bushi da Adel a sayo girma-girma, kowane da rara.

Kafin a rufe fata, a bi kowace waya da maltimita daga baki zuwa baki, sannan tsakaninta da jikin jirgi, wani yana girgiza damin. Kunnawar farko a yi ta da ƙaramin fiyus a kan batir, layi ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki hoton kowane rami da kowane maɗauri, don jirgi ba ya tashi bisa doka sai da izinin NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, kuma mai duba ba zai ga abin da ke ƙarƙashin daɓe ba sai a hoto.

Saura abin da littafin Amurka bai san da shi sosai ba. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin waya da maɗaurin da ya yi sako-sako ta zama magagari, don haka bayan kowane hunturu a buɗe ƙofofin duba a hura iska, a taɓa kowane maɗauri. Zanzaro yana son bakin bututu da ramin fitar ruwa. Ɓera kuwa bai san Tefzel ba, bai san dala ba. Yadda yake cin wayar injin ban ruwa haka zai ci wannan. Rumfar da ke maƙwabtaka da rumbun gero ko buhunan gyaɗa, daga kaka zuwa bazara, ɓera ta ƙafar taya yake hawa ya shige wutsiya ya yi sheƙa a kan dami. A zagaye kowace taya da faifan kwano mai santsi wanda tsayinsa ya kai gwiwa, a toshe ƙofofin wutsiya da ragar ƙarfe mai jan ƙyalle a jiki don a tuna a cire, kuma ko ƙwayar gyaɗa kada a ci a cikin jirgin.